Ciwon dajin Burkitt a ƙarƙashin madubi: tambayoyin da iyaye ke kawo mini a Kumasi

Ni ma'aikacin ɗakin gwaji ne. Aikina in yanka nama siriri, in shimfiɗa shi a kan ɗan gilashi, in rina shi, in miƙa wa likitan da ya ƙware a karanta shi a madubi, wato na'urar da ke ƙara girman abin da ido ba ya gani. Ba ni nake sa hannu a sakamako ba, ba kuma ni nake ba da magani ba. Amma da yake a Aboabo na tashi, kowa ya san inda nake aiki, duk wanda aka miƙa wa takardar sakamako da Turanci sai ya biyo ni da ita: wani a ƙofar masallaci bayan isha'i, wata ta turo hoton takardar ta WhatsApp daga Asawase ko Tafo. Cutar da aka fi tambayata a kanta, in dai yaro ne, ita ce Burkitt. Ga tambayoyin kamar yadda ake yi mini su.

Malam, wace irin cuta ce wannan Burkitt?

Ciwon daji ne, amma ba na ƙashi ko na fata ba. Na ƙwayoyin garkuwar jiki ne. Jikin mutum an gina shi da ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, waɗanda muke kira sel. A cikin fararen sel na jini akwai wani jinsi da ake ce wa limfosait, su ne ke zaune a kaluluwa da saifa da hanji da ɓargo. Kashi biyu ne manya, B da T. Na B aikinsu ƙera makaman da jiki ke kama cuta da su. Idan sel ɗaya cikinsu ya lalace ya shiga haihuwar kansa ba tsayawa, abin da ya taru shi ake kira limfoma. Limfoma iri-iri ce. Wata takan shekara goma tana tafiyar hawainiya a jikin dattijo. Burkitt tana can ɗaya ƙarshen: sel ɗinta kan ninka yawansu cikin awa 24 zuwa 48, kuma cikin ciwon dajin ɗan Adam da wuya a sami wanda ya kai ta sauri.

Irin wadda muke gani a nan ta fi kama yara 'yan shekara 4 zuwa 7, kuma maza sun kusan ninka mata. Takan fito a muƙamuƙi, ko kogon ido, ko cikin ciki: ƙoda, hanji, da ƙwan haihuwa a 'yan mata.

Shi Burkitt ɗin wane ne?

Denis Burkitt likitan fiɗa ne ɗan ƙasar Ayalan da ya yi aiki a asibitin Mulago da ke Kampala, Yuganda. A 1957 ya ga yaro da kumburi a muƙamuƙansa, bai daɗe ba ya ga wani irinsa, a 1958 ya wallafa bayanin cutar. A 1961 shi da abokan aikinsa biyu suka zagaya asibitocin gabashi da kudancin Afirka a mota, tafiyar kusan kilomita 16,000, suna tambayar inda ake ganinta. Suka tarar tana bin wurare masu zafi da ruwan sama, tana ƙaurace wa tuddai masu sanyi. Wato inda sauro yake, nan take. Abin da kan ba ni mamaki shi ne mutumin da ya hango wannan duka ido ɗaya gare shi, ya rasa ɗayan tun yana yaro.

Mu ma Gana muna da hannu a tarihin. A asibitin Korle Bu da ke Ankara, kamar yadda mu 'yan zango ke kiran Akra, an yi shekaru ana gudanar da bincike na musamman a kan wannan cuta, kuma Farfesa Francis Nkrumah, likitan yara, ɗan Kwame Nkrumah, yana cikin waɗanda suka yi fice a aikin.

Ga kumburi kowa na gani. Me ya sa sai an ɗebi nama? Hoto da gwajin jini ba su isa ba?

Hoto zai nuna girman abu da inda ya kai. Ba zai faɗi sunansa ba. Jini kuma yakan ba da alama, misali sinadarin LDH ya hau sosai, amma abubuwa da yawa na hau da shi. Magungunan dajin nan masu ƙarfi ne, kowane daji kuma da haɗinsa, don haka ba likitan kirki da zai ɗura wa yaro su a kan zato.

Hanya biyu ce. Ko a soka siririyar allura a kumburin a zuƙo sel kaɗan a shafa a gilashi, wannan minti kaɗan ne kuma sakamakonsa na fitowa da wuri. Ko kuma a yanko ɗan guntun nama, wanda ya fi ba da cikakken bayani domin yana nuna yadda sel ɗin suka zauna da junansu. Idan ciki ya tara ruwa, ruwan ma ana zuƙowa a duba.

Akwai maganar da ke yawo cewa da zarar ƙarfe ya taɓa daji sai ya fusata ya bazu. Allurar gwaji ba ta fusata Burkitt. Abin da ke faruwa shi ne cutar dama gudu take, iyali kuma sai bayan gwajin suke zuba mata ido kullum, sai su ga kamar allurar ce ta jawo.

In naman ya iso wurinku, me kuke yi da shi?

Guntun nama yakan kwana a ruwan fomalin don kada ya ruɓe. Daga nan a tsane ruwan jikinsa, a dasa shi cikin kaki ya daskare, a ɗora a injin yanka a fere shi sirara ƙwarai, kaurin kashi 3 zuwa 5 cikin dubu na milimita. Fatar albasa katako ce a kansa. Sai rini, domin sel ba shi da launin da za a gani. Rini biyu muke haɗawa: hematoksilin mai mayar da cibiyar sel shuɗiya, da iyosin mai mayar da sauran jikinsa ja-ja. Shafin allura kuwa sau da yawa da rinin Giemsa ake yi, wanda dai ake duba zazzaɓin cizon sauro da shi. Waɗannan matakai su ne ke cin kwanaki, ba wai an ajiye naman an manta ba.

To me ake gani a madubin?

Abu na farko da ido ke kamawa tun kafin a ƙara girman hoton shi ne shuɗi. Gilashin gaba ɗaya kamar zanen da aka tsamo daga marina. Kaluluwa mai lafiya tana da tsari, unguwa-unguwa, da lunguna da iyakoki. A Burkitt wannan tsari ya rushe, sel sun malale ko'ina kamar ambaliya, sun cika wuri sun matse juna har gefunansu sun miƙe kamar tubalan da aka jera.

In aka ƙara girma, sai abu na biyu ya bayyana, kuma ni a ganina shi ne ya fi ban tsoro: dukkansu kama ɗaya. Taron sel masu lafiya kamar kasuwar Kejetia yake, ga babba ga ƙarami, ga dogo ga gajere. A nan kuwa kamar an buga su da hatimi guda, domin asalinsu sel ɗaya ne da ya yi ta kwafin kansa. Girmansu matsakaici ne, sun fi limfosait na yau da kullum, ba su kai na limfoma mai manyan sel ba. Ma'aunin da likita ke amfani da shi yana nan cikin gilashin: cibiyar sel ɗin Burkitt ba ta wuce girman cibiyar manyan sel masu shara da ke kusa da ita, waɗanda zan zo kansu.

Cibiyar a kewaye take, ba lanƙwasa ba tsaga. Abin da ke cikinta ya ɗan dunƙule gari-gari, kuma akwai ƙananan ɗigo, sau da yawa biyu zuwa biyar, ba babba guda ɗaya a tsakiya ba. Naman da ya kewaye cibiyar siriri ne, shuɗi ne mai duhu, domin cike yake da injinan ƙera furotin, alamar sel mai gaggawar girma. A shafin allura ana ganin wasu ƙananan ramuka farare a cikin wannan shuɗin, kamar an huhhuda shi da tsinke. Ɗigon kitse ne, wanda sinadaran wanki suka narkar suka bar gurbinsa. Duk wanda ya daɗe a wannan aiki, in ya ga shuɗi mai duhu da waɗannan ramuka a shafin da aka ɗebo daga muƙamuƙin yaro ɗan shekara shida, gabansa yakan faɗi tun kafin likita ya yi magana.

Sai na uku: ko'ina ka duba za ka kama sel a tsakiyar rabuwa gida biyu, kuma ko'ina akwai gawarwakin waɗanda suka mutu, ƙananan dunƙule baƙi-baƙi.

An rubuta "starry sky" a takardar ɗana. Wani ya fassara mini da sama mai taurari. Ina ruwan taurari da ciwo?

Kwatance ne kawai, Hajiya, ba ruwansa da bokanci ko duba. Sel ɗin Burkitt kamar yadda suke saurin haihuwa haka suke saurin mutuwa. Jiki yana da manyan sel da ake kira makurofej, su ne 'yan sharar jiki, aikinsu haɗiye gawa da tarkace. Su ba daji ba ne, lafiyarsu ƙalau. Jikinsu fari-fari ne, ba ya kama rini sosai, kuma in ka duba cikinsu za ka ga guntayen abin da suka haɗiya. To ka ɗauki shimfiɗa shuɗiya mai duhu, ka warwatsa mata waɗannan fararen ɗigo. Wanda ya taɓa kwana a waje a ƙauye, daren da ba wata ba lantarki, ya san hoton.

Sai dai taurarin kaɗai ba sa yanke hukunci. Ana ganinsu a wasu limfoma masu sauri, har ma a cikin kaluluwar da ta kumbura don yaƙi da ciwo na yau da kullum, a ƙananan wurare masu iyaka. Abin da suke shaida shi ne ana mutuwa da yawa a wurin, ana haihuwa da yawa. Likita sai ya haɗa su da siffar sel ɗin, da shekarun yaron, da inda kumburin ya fito.

Su kuma CD20, CD10, BCL2 da alamun tarawa da ɗebewa fa?

Kowane jinsin sel yana da tambari a jikinsa, kamar yadda tsagar fuska ke faɗin asalin mutum a da. Akwai rini na musamman da ke manne wa tambari guda kaɗai. In ya kama, a rubuta alamar tarawa. In bai kama ba, alamar ɗebewa.

CD20 da CD19 suna cewa wannan sel na B ne. CD10 da BCL6 suna nuna daga wane sashe na kaluluwa ya fito, wato tsakiyar inda sel na B ke samun horo. Burkitt tana kama waɗannan huɗun. BCL2 kuwa yawanci ba ta kama shi, kuma wannan rashin yana da amfani, domin BCL2 furotin ne mai hana sel mutuwa. Ka ga dalilin yawan gawarwakin nan. TdT tambarin sel ne jarirai na ɓargo, shi ma Burkitt ba ta da shi. EBER kuma gwajin neman sawun ƙwayar cutar Epstein-Barr ne a cikin sel.

Ba kowane ɗakin gwaji ke da waɗannan rinin a kowane lokaci ba, kuma suna da tsada. Shi ya sa wani lokacin ake aika naman wani wuri, ko kuma likitoci su dogara da siffar sel da yanayin yaron.

An rubuta Ki-67 kusan kashi 100. Wato ta cinye jikinsa duka ke nan?

A'a, Baba, kwantar da hankalinka. Wannan lambar ta sa iyaye da yawa kuka a banza. Ki-67 ba ya auna yawan jikin da cuta ta kama. Yana ƙirga, cikin sel ɗin dajin da ke kan gilashi, nawa ne ke kan hanyar rabuwa, nawa ne ke hutawa. A Burkitt kusan babu mai hutawa, don haka kashi 95 zuwa 100 shi ne abin da ake sa ran gani. In ma aka ga kashi 60, likita zai fara shakkar ko Burkitt ce.

Kuma ga abin da ba a cika faɗa wa iyaye ba: magungunan daji sel mai rabuwa suke kamawa. Dajin da yawancin sel ɗinsa ke barci yakan ɓuya wa magani. Wanda kowa a cikinsa ke tsaye a fili ba shi da maɓuya. Lambar da ta tsorata ka ita ce kuma dalilin da ya sa kumburi kamar ƙwallo kan sace cikin kwanaki kaɗan da fara magani.

Me ya lalace a cikin sel ɗin tun farko?

A cibiyar kowane sel akwai kuromosom 46, biyu-biyu har 23, su ke ɗauke da umarnin gudanar da jiki. A kan na 8 akwai umarnin da ake kira MYC, wanda ke ce wa sel ya girma ya rabu. A ka'ida ana kunna shi a kashe. A kan na 14 kuma akwai umarnin ƙera makaman garkuwa, wanda a sel na B kullum a kunne yake domin shi ne sana'arsa. A Burkitt guntun na 8 yakan karye ya je ya manne a na 14, sai MYC ya faɗa ƙarƙashin makunnin da ba a kashewa. Kamar motar haya ta trotro ce da totur ya maƙale a gangara. Wajen kashi 80 na masu cutar haka abin yake, ana rubuta shi t(8;14). Sauran, da kuromosom na 2 ko na 22 ake musayar. A shekarun 1970 aka fara ganin wannan karaya, a 1982 aka tabbatar MYC ne ke wurin.

Gado ce? Ko kuwa ana ɗauka? In raba shi da ƙannensa?

Ba gado ba ce. Karayar a sel ɗaya na jikin yaron ta faru bayan an haife shi, ba ta cikin jinin uwa ko uba, don haka kada dangin miji su ɗora wa dangin mata. Ba a kuma ɗaukarta. Ya ci abinci kwano ɗaya da 'yan uwansa.

Abin da ke share mata hanya abu biyu ne. Na farko ƙwayar Epstein-Barr, wadda Anthony Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong suka gano a Landan a 1964 a cikin naman Burkitt da aka aiko daga Yuganda, kuma ita ce bairos ta farko da aka danganta da daji a ɗan Adam. Ta miyau take yaɗuwa, kusan kowannenmu ya kamu da ita tun yana ƙarami, ta zauna shiru a sel na B har abada. Ni da kai muna da ita. Na biyu zazzaɓin cizon sauro mai maimaituwa, wanda ke tilasta wa sel na B yawan rabuwa, ya kuma raunana masu gadin da ke danne bairos ɗin. Inda rabuwa ta yawaita, kuskure yakan samu ƙofa. Duk da haka, cikin dubban yaran da ke da duka biyun, ƙalilan ne ke kamuwa. A irin ta Afirka, sama da kashi 90 ana samun bairos ɗin a cikin sel ɗin dajin. Akwai irin da ake gani a Turai da Amurka, wadda ta fi fitowa a ciki kuma galibi ba bairos, akwai kuma wadda ke zuwa wa masu ƙanjamau. A madubi dukansu fuska ɗaya.

Ba a kuskure? Wace cuta ce ke kama da ita?

Kama da wane ba ta wane. A yara akwai ire-iren daji da dama masu ƙananan sel shuɗɗa a kewaye: na ƙoda da ake kira Wilms, na jijiya, na tsoka, da limfoma ta sel jarirai, wadda cibiyarta ta fi laushi kamar garin da aka tankaɗe kuma tana kama TdT. Tarin fuka na kaluluwa ma yakan rikita mutane a ido, amma a gilashi ba su haɗa hanya ba.

A manya wadda ta fi rikitarwa ita ce DLBCL, limfoma mai manyan sel na B, wadda ita ce aka fi samu a manya cikin masu saurin. Sel ɗinta sun fi girma, ba su yi kama ɗaya ba, ɗigon cibiyarsu manya ne, sau da yawa tana kama BCL2, Ki-67 ɗinta kuma bai cika kai na Burkitt ba. Akwai masu faɗawa tsakani, waɗanda sai gwajin kuromosom ke raba gardama. Bambancin ba na ilimi kawai ba ne, haɗin maganin ya sha bamban.

Mun ɗauka hangum ne, sai kuma aka ce haƙori. Yaya za mu gane?

Hangum yana zuwa da zazzaɓi da zafi, ya tafi cikin mako ɗaya zuwa biyu. Ƙurjin haƙori yana da zogi da mugunya. Burkitt sau da yawa ba ta da zafi a farko, tauri gare ta, kullum ƙaruwa take, haƙora su yi girgiɗi ko su karkace ba tare da sun ruɓe ba, ido ya turo. Kumburin da ya fi na jiya girma, ya kuma fi na shekaranjiya, na asibiti ne a makon nan. A Kumasi sashen dajin yara yana asibitin Komfo Anokye, wato Gee.

Abu biyu nake roƙo. Kada a kai wa wanzami ya yi sakiya, babu mugunyar da za ta fito, sai jini da miki. Na biyu, kada a sayi maganin kumburi irin su firednisolon ko deksametason a kemis a ba yaro. Suna kashe sel ɗin Burkitt na ɗan lokaci, kumburi ya ragu, iyali su yi murna, ranar da aka ɗebo nama kuma mu tarar da gawarwaki zalla ba abin karantawa. Na sha riƙe irin wannan gilashin, dole a sake soka wa yaro allura, an kuma yi asarar mako guda. Addu'a da tofi ba su hana gwaji, a haɗa su.

Me ya sa kuma za a huda bayansa da ƙugunsa?

Don a san inda ta kai. Burkitt tana son ɓargo da ruwan da ke kewaye da laka da ƙwaƙwalwa. Sel ɗin da muke nema a can su ne dai masu shuɗi da ramuka. Ko ba a gan su ba, akan zuba magani ta baya, domin wanda aka sa ta jijiya ba ya isa can sosai.

Ana warkewa?

Ana warkewa. Inda ake da cikakken magani da kulawa, kusan yara 9 cikin 10 na tashi. A ƙasashenmu adadin bai kai haka ba, kuma manyan dalilan su ne zuwa a makare, yankewar magani a tsakiya, da cututtukan da ke shiga lokacin da garkuwa ta yi ƙasa. Magungunan sun haɗa da saikulofosfamaid, binkiristin, metotireksat da doksorubisin, akwai kuma ritukzimab mai bin tambarin CD20 ɗin nan da ke takardarka.

Kwanakin farko su ne masu haɗari. Sel masu ɗimbin yawa na mutuwa lokaci guda, abin cikinsu ya zube a jini, sinadarin fotashiyam da yurik asid su hau, ƙoda ta wahala. Shi ya sa ake ta ƙarin ruwa, ana ba da alofurinol mai rage yurik asid, ana auna fitsari, ana ɗibar jini safe da yamma. Ba wahalar da yaro ake yi ba.

In kumburi ya sace bayan zagaye na farko, kada a tattara kaya a koma gida. Ido ya daina gani, madubi bai daina ba. Wadda ta dawo bayan an yanke magani ta fi ta farko taurin kai nesa ba kusa ba.

Kuɗi fa?

A ƙarshen 2021 aka sanar da shigar da dajin yara huɗu cikin inshorar lafiya ta ƙasa, NHIS, kuma Burkitt na ciki, tare da Wilms, da dajin ido, da wani nau'in dajin jini. A tabbata katin yaro bai mutu ba. Kuɗin mota da abinci da zaman jinya suna nan a wuyan iyali, don haka a nemi ma'aikatan jin daɗin jama'a na asibiti tun ranar farko, a kuma sanar da dangi da jama'ar masallaci da wuri, ba sai aljihu ya ƙare ba.

Naman da aka ɗiba a jikin ɗana, ina yake ƙarewa? Za a ba mu mu binne?

Wani dattijo ne ya fara yi mini wannan tambayar, na kuma ga dacewarta. Abin da ake ɗiba sau da yawa bai wuce ƙwayar masara ba, na allura kuwa ɗigo ne. Wanda aka dasa a kaki ana ajiye shi shekaru da lambarsa, tare da gilasan, kuma amfanin yaron ne: in an so ƙarin rini, ko wani likita ya sake dubawa a Korle Bu ko wani wuri, daga nan za a yanko ba sai an sake taɓa shi ba. Ka adana lambar da ke saman takardar sakamakon, ka ɗauki hotonta a waya. Da ita ake nemo kakin a cikin dubbai.